Martani Kan Iƙirarin Cewa Manhajar Burauza Mai Sarrafa Furoksi Ta Wadatar Wajen Kare Sirri

A cikin wata maƙala da ta yi magana kan hanyoyin kare sirri a intanet, wani marubuci a fagen fasahar sadarwa ya tsaya kai da fata a kan cewa duk mai son ɓoye sawunsa, ko shiga shafin da aka toshe a ƙasarsa, ba ya buƙatar komai fiye da ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza domin sarrafa saitin furoksi. Hujjojinsa sun tsaya a kan ginshiƙai uku: na farko, cewa irin wannan manhajar ƙari tana yin duk aikin da VPN ke yi, har ma ta fi shi sauƙi, ta yadda taɓa saitin kwamfuta ya zama ɓata lokaci, na biyu, cewa kasancewarta a rumbun manhajoji na Google ko na Mozilla shaida ce ta cewa an tantance ta, na uku kuwa, cewa sabobin kyauta da ke zuwa tare da yawancin waɗannan manhajoji sun ishi mai ƙaramin ƙarfi, ba sai ya kashe ko sisi ba. Wannan martani ya yarda da marubucin a batun sauƙi, amma ya saɓa masa a sauran, domin maƙalar ta cuɗa abu biyu da suka sha bamban, wato ikon zaɓar hanyar da saƙo zai bi, da kuma kare saƙon daga idon wanda ke zaune a kan hanyar.

Kafin a auna hujjojin, wajibi ne a fayyace abin da ake magana a kai. Sabar furoksi kwamfuta ce da ke tsayawa tsakanin mai neman shafi da sabar da shafin yake ciki, ta karɓi buƙata daga hannunsa, ta miƙa ta da nata adireshin, sannan ta dawo masa da amsa, ta yadda shafin zai ga adireshin IP nata a madadin nasa. Adireshin IP kuwa shi ne lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Aikin sabar furoksi ya yi kama da na dillali a kasuwar shanu, wanda ke iya ɓoye mai dabba daga mai saye, amma shi kansa ya san mai dabbar, ya san mai sayen, ya kuma san lokacin da ciniki ya faɗa. Tarihin wannan fasaha ma ya nuna cewa ba don ɓoye sirri aka ƙirƙiro ta ba. A 1994 Ari Luotonen na cibiyar bincike ta CERN da Kevin Altis na kamfanin Intel suka wallafa bayani a kan furoksin yanar gizo, kuma abin da ya dame su shi ne yadda ma'aikatan da ke bayan shingen tsaro na ma'aikata za su samu mafita zuwa intanet, da yadda za a riƙa ajiye kwafin shafukan da ake yawan nema domin rage nauyin layi. A 1996 kamfanin Netscape ya fito da fayil ɗin PAC, wato ɗan gajeren umarni da ake rubutawa da yaren JavaScript, wanda ke duba kowane adireshi ya yanke hukunci ko a tura shi ta furoksi ko a bar shi ya tafi kai tsaye, kuma a watan Maris na wannan shekarar aka buga ƙa'idar furoksi ta SOCKS5 a takarda mai lamba RFC 1928.

Manhajar ƙari kuwa, wato ƙaramin shirin da ke aiki a cikin burauza yana ƙara mata wata dabara, ba ta ƙirƙirar saba, ba ta kuma zuwa da wata hanyar kulle saƙo ta kanta. Abin da take yi shi ne cike gurbin saitin da burauzar ta riga ta tanada. A Chrome wannan gurbi yana karɓar hali biyar: haɗuwa kai tsaye ba tare da furoksi ba, neman saiti daga cibiyar sadarwar da na'ura take kai, bin fayil ɗin PAC, amfani da sabobin da aka ambata da suna, ko komawa ga saitin babbar manhajar kwamfuta, wanda shi ne abin da Chrome ke bi idan ba a taɓa komai ba. Firefox tana da nata saitin daban, kuma tana ba manhajar ƙari damar sauraren kowace buƙata kafin ta fita, ta faɗi sabar da za a bi da ita. Daga wannan bayani kaɗai ana iya gane cewa manhajar mai juya akala ce, kuma darajar aikinta ta dogara kacokan a kan inda ta juya akalar.

Adalci ne a faɗi inda marubucin ya yi daidai, domin amfanin waɗannan manhajoji a bayyane yake ga waɗanda suka san abin da suke yi. Malamin jami'a da ɗakin karatunsu ke ba da damar shiga mujallun ilimi ta sabar furoksi zai so shafukan mujallun kaɗai su bi ta sabar jami'ar, sauran harkokinsa su tafi kai tsaye, kuma manhaja irin su FoxyProxy, wadda ta daɗe ana amfani da ita a Firefox tun 2006, tana ba shi damar rubuta wannan ƙa'ida ta hanyar tsarin adireshi ba tare da ya koyi rubuta fayil ɗin PAC ba. Mai gwajin tsaron shafuka da ke aiki da Burp Suite yakan tura burauzarsa zuwa adireshin cikin gida 127.0.0.1 a ƙofa ta 8080 domin ya ga abin da ke shiga da fita, kuma maɓalli guda da zai kunna ko ya kashe wannan hanya ya fi masa shiga saitin kwamfuta sau ashirin a yini. Haka nan mai kula da sabobi da ya buɗe ramin SSH zuwa na'urar da ya mallaka yakan samu furoksin SOCKS a kwamfutarsa, ya sa wata burauza ta bi ta ciki. Abin lura shi ne, a duk waɗannan misalai mai amfani ya san mai sabar tun farko, ko kuma shi ne mai ita, kuma babu ɗayansu da ya ɗauki manhajar a matsayin abin da ke ba shi kariya.

Ginshiƙin farko na maƙalar, wato daidaita manhajar ƙari da VPN, ya rushe tun a batun iyaka. VPN yana buɗe rufaffen rami a matakin babbar manhajar na'ura, ta yadda duk shirin da ke fita intanet zai iya bi ta cikinsa, alhali manhajar ƙari ba ta da iko a kan komai sai burauzar da aka liƙa mata ita, kai har ma sai bayanin mai amfani guda a cikin burauzar. Shirin imel, da WhatsApp na kwamfuta, da shirin ajiye fayiloli a saba, da sabuntawar Windows, da wata burauza ta biyu da ke kan na'urar, duk suna ci gaba da fita da ainihin adireshin mai su. Wannan giɓi ya fi girma ga masu karatu a Najeriya da Nijar, inda akasarin mutane da waya suke shiga intanet, domin Chrome ta wayar Android ba ta karɓar manhajar ƙari kwata-kwata, Firefox ta Android kuwa sai a Disamba 2023 ta buɗe ƙofarta ga manhajojin ƙari gaba ɗaya, kuma ko a can ikon manhajar ba ya kaiwa ga Facebook ko TikTok ko manhajar banki da ke zaune daban a kan wayar. Shawarar da aka ba jama'a baki ɗaya, alhali ba ta aiki a kan na'urar da ke hannun mafi yawansu, shawara ce da ta yi kuskuren sanin masu sauraronta.

Ko a cikin burauzar ma akwai ɓarakar da maƙalar ta tsallake. Ta farko ita ce WebRTC, fasahar da ke ba burauza damar yin kiran murya da bidiyo kai tsaye, wadda ke tuntuɓar wata saba domin gano adireshin na'ura na waje, kuma takan yi hakan ta hanyar UDP, wani salon aika bayanai da furoksin yanar gizo na yau da kullum ba ya ɗauka. A farkon 2015 wani mai tsara manhaja, Daniel Roesler, ya nuna cewa shafi zai iya amfani da wannan hanya ya gano ainihin adireshin wanda ya fake a bayan furoksi, kuma ko da yake masu burauza sun rage illar daga baya, toshe ta gaba ɗaya yana buƙatar wani saiti na daban da ke hana UDP fita ta bayan furoksi, wanda izininsa ma daban yake da izinin furoksi. Ta biyu ita ce DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin IP: idan furoksin na SOCKS4 ne, ko kuma na SOCKS5 ne a Firefox ba tare da an umarce ta ta tura neman suna ta cikinsa ba, burauza za ta tambayi sabar kamfanin layi sunan shafin, kamfanin ya san inda aka nufa duk da cewa shafin kansa ta furoksi ya zo. Ta uku kuwa ita ce komawa kai tsaye idan saba ta gaza, domin ƙa'idojin PAC da yawa ana rufe su da kalmar DIRECT, ma'ana idan furoksin bai amsa ba a wuce ba tare da shi ba, kuma a Chrome idan fayil ɗin PAC ya lalace burauza takan koma haɗuwa kai tsaye sai dai idan an wajabta bin fayil ɗin. Duk wannan yana faruwa ne shiru, alamar manhajar tana nan kore a saman allo, mai amfani yana zaton yana cikin rufi.

Akwai kuma tambayar wane ne ke riƙe da saitin a kowane lokaci, wadda marubucin bai ko yi ta ba. Gurbin furoksi a Chrome guda ɗaya ne, kuma idan manhajoji biyu suka nemi sarrafa shi, wadda aka girka daga baya ita ke rinjaye, idan kuma ma'aikata ta kafa dokar saiti a kan kwamfutar, dokar ce ke danne su duka. Saboda haka mutumin da ya tsara ƙa'idojinsa da kyau, sannan bayan wata guda ya girka wata manhajar buɗe shafukan bidiyo, zai iya rasa ikon saitinsa ba tare da ya canza komai a manhajar farko ba. Bugu da ƙari, a tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, manhajojin ƙari a kashe suke sai mai amfani ya ba su izini da hannunsa, kuma Firefox ma haka take a tagarta ta sirri, ta yadda wurin da mutane suka fi zaton suna ɓoye shi ne wurin da ya fi buƙatar a tabbatar ko furoksin yana aiki.

Idan aka ɗauka an toshe duk waɗannan ɓaraka, saura tambaya mafi nauyi, wato abin da mai sabar furoksi yake gani. Shafin da ke amfani da HTTP tsurarsa yana wucewa ta gabansa a buɗe, zai iya karantawa, zai iya kuma canzawa. Shafin da ke amfani da HTTPS, wato wanda aka kulle tsakanin burauza da shafin, abin da ke cikinsa a rufe yake, amma burauza tana fara aika umarnin CONNECT da ke ɗauke da sunan shafin, don haka mai sabar ya san kowane shafi da aka ziyarta, da lokacin, da yawan bayanan da suka wuce, da adireshin wanda ya nema. Furoksin HTTP na gargajiya da SOCKS5 ba sa kulle hanyar da ke tsakanin burauza da sabar kanta, ta yadda kamfanin layi ma zai iya karanta sunan shafin a cikin umarnin. Gaskiya ne akwai furoksin da ake haɗuwa da shi ta rufaffiyar hanya, kuma shi ne mafi yawan manhajojin ƙari da ke kiran kansu VPN suke amfani da shi, kamar yadda wani masanin tsaro ɗan ƙasar Czech, Michal Špaček, ya nuna a 2016 cewa abin da burauzar Opera ta tallata da sunan VPN furoksi ne irin wannan. Amma abin da wannan ya yi shi ne ɗauke sanin daga kamfanin layi, wanda yake da rajista da ofis da hukumar da ke sa masa ido, ya miƙa shi ga mai saba da ƙila ba a san sunansa ko ƙasarsa ba. Idan kuma mai sabar ya nemi a girka takardar shaidarsa ta tushe a kwamfuta, to an ba shi mabuɗin HTTPS ɗin kansa, kuma hatsarin haka ne ya sa Mozilla da Google da Apple suka toshe takardar da gwamnatin Kazakhstan ta nemi 'yan ƙasarta su girka a 2019.

Canza adireshin IP ma ba ya nufin ɓacewa daga idon shafin da aka ziyarta. Wanda ya shiga asusunsa na Google ko Facebook ta furoksi ya faɗi sunansa da bakinsa, kuma 'yan ƙananan fayilolin shaida da shafuka ke ajiyewa a burauza suna nan daram ko da adireshi ya koma na Jamus ko na Amurka. Ko ba tare da su ba, haɗuwar bayanai irin su nau'in burauza, da girman allo, da yankin lokaci, da jerin salon haruffan da ke na'urar, takan isa a bambanta mutum daga dubbai. A binciken Panopticlick da Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya gudanar a 2010, an gwada burauza fiye da 470,000, aka samu kusan kashi 84 cikin 100 suna da siffar da babu mai irinta a cikin rukunin. Manhajar furoksi ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi.

Ginshiƙi na biyu, wato dogaro da tantancewar rumbun manhajoji, shi ne mafi hatsari a maƙalar, saboda matsayin da manhajar ƙari take da shi. Sabar furoksi tana waje, HTTPS yana iya rufe mata ido, amma manhajar ƙari tana cikin burauza, a gefen da an riga an buɗe saƙo, kuma idan an ba ta izinin karantawa da canza bayanai a dukkan shafuka, wanda da yawa daga cikin manhajojin furoksi suke nema, to tana iya ganin abin da aka rubuta a gurbin kalmar sirri da abin da shafin banki ya nuna. Sannan manhajojin ƙari suna sabunta kansu ba tare da tambaya ba muddin sabon zubin bai nemi ƙarin izini ba, ma'ana amincewar da aka yi ranar girkawa ta zama amincewa da duk wanda zai riƙe asusun mai manhajar a nan gaba, ko ya saya ne ko ya sata.

Abubuwan da suka faru sun isa hujja. A Oktoba 2021 Mozilla ta bayyana cewa ta toshe manhajoji biyu, Bypass da Bypass XM, waɗanda mutum kusan 455,000 suka girka, saboda sun yi amfani da ikon furoksi ta yadda suka hana Firefox samun sabuntawa da sauke jerin manhajojin da aka haramta, wato sun datse hanyar da za a bi a kawar da su. Wannan ne ya sa tun daga zubi na 91.1 Firefox take komawa kai tsaye wajen muhimman buƙatunta idan furoksi ya gaza. Manhajar The Great Suspender, mai masu amfani fiye da miliyan 2, an sayar da ita ga wani da ba a bayyana ba a tsakiyar 2020, aka cusa mata mugun umarni, kuma sai a Fabrairu 2021 Google ya cire ta. A ƙarshen Disamba 2024 aka yaudari wani ma'aikacin kamfanin tsaro na Cyberhaven da saƙon imel na bogi da ya yi kama da na Google, aka ɗora gurɓataccen zubin manhajarsu a rumbun Chrome mai satar shaidar shiga asusu, daga baya aka gano cewa farmakin ya shafi manhajoji fiye da 30. Sauyin da Google ya yi zuwa tsarin Manifest V3, wanda ya fara kashe tsofaffin manhajoji a 2024, ya ƙara dagula lamarin a wannan fage, domin Proxy SwitchyOmega, wadda ta yi shekaru tana kan gaba a Chrome, ta daɗe ba a sabunta ta ba, sai wasu suka fito da kwafi masu kama da sunanta, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan kwafi ya fito a jerin manhajojin da farmakin na Disamba ya gurɓata. Duk waɗannan manhajoji mutane sun girka su ne da hannunsu suna ganin alamar aminci, kuma tantancewar da marubucin ya jingina da ita ba ta hana ɓarnar aukuwa ba.

Game da ginshiƙi na uku, Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saba tana cin kuɗin haya da na layi da na kulawa, kuma wanda ya buɗe ta ga dubban baƙi kyauta dole yana da inda yake mayar da kuɗinsa. A 2015 wani mai bincike ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Haschek, ya gwada sabobin furoksi na kyauta 443, ya tarar cewa a cikin waɗanda ke aiki kusan kashi 79 cikin 100 ba sa barin HTTPS ya wuce, wasu kuma suna canza shafukan da ke bi ta cikinsu domin cusa talla. A wannan shekarar ce kuma asirin Hola ya tonu, kamfanin Isra'ila da ya yi suna da manhajarsa ta kyauta ta buɗe shafukan da aka toshe, lokacin da Fredrick Brennan, wanda ya kafa shafin 8chan, ya bayyana cewa an kai wa shafinsa hari ta hanyar Luminati, wani reshen kamfanin a lokacin, wanda ke sayar wa 'yan kasuwa damar fita intanet ta layukan masu amfani da Hola na kyauta. Ma'anar haka ita ce mutumin da ya nemi ɓoye adireshinsa sai ga shi adireshin nasa ne aka ba wasu haya, kuma duk abin da suka aikata da shi sunansa ne zai fito a rajistar kamfanin layi. Gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, kuma mai ƙaramin ƙarfin da marubucin ya ce yana tausaya wa shi ne ya fi kowa rashin hanyar kare kansa idan haka ta same shi.

A batun tsallake toshiya ma maƙalar ta yi alkawarin da ya wuce ƙarfin manhajar, domin ba ta bambanta toshe wani shafi da datse layi gaba ɗaya ba. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, ko lokacin da Chadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, intanet yana aiki, don haka bi ta wata saba a waje yana iya buɗe hanya, ko da yake masu waya VPN suka nema saboda dalilin da aka ambata a sama. Amma lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a jihar Zamfara a Satumba 2021, ko lokacin da aka yanke intanet ɗin waya a Nijar bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021, babu furoksi ko VPN da zai amfani wanda layinsa ya mutu, tun da sai an kai ga sabar kafin ta yi aiki. Akwai kuma batun doka: a farkon dakatar da Twitter, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar, ko da yake a Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. A irin wannan yanayi, ɗan jarida ko mai fafutuka da aka gaya masa cewa maɓalli guda ya ɓoye shi zai saki jiki ya yi abin da ba zai yi ba da ya san ana ganinsa, kuma wannan ne ya sa kariyar ƙarya ta fi rashin kariya illa. Masu irin wannan buƙata an tanadar musu burauzar Tor, wadda ke bi da saƙo ta sabobi uku ta yadda babu guda da ta san mai aikawa da inda aka nufa a lokaci ɗaya, kuma masu ita suna gargaɗi a fili cewa kada a ƙara mata wata manhajar ƙari.

Mai yiwuwa marubucin ya amsa da cewa VPN ma amana ce ake miƙa wa kamfani, kuma saitin babbar manhajar kwamfuta yana da nasa aibin. Duka biyun gaskiya ne: kamfanin VPN yana ganin sunayen shafukan da abokan cinikinsa ke ziyarta, kuma tsarin WPAD, wanda ke sa kwamfuta ta nemi fayil ɗin PAC da kanta daga cibiyar sadarwar da ta hau, an daɗe da sanin cewa mugu a kan Wi-Fi na jama'a zai iya amfani da shi ya karkatar da zirga-zirgar mutane. Sai dai wannan amsa tana ƙarfafa martanin ne, domin ta nuna cewa a kowace hanya tambayar ita ce wa aka ba amana kuma me zai iya gani, alhali maƙalar ta gabatar da manhajar ƙari a matsayin hanyar da ta kuɓuta daga wannan tambaya. A haƙiƙa manhajar ƙari mai zuwa da sabarta ta kyauta tana ninka amanar sau biyu, ɗaya ga mai manhajar da ke zaune cikin burauza, ɗaya ga mai sabar da ke zaune a kan hanya, kuma idan mutum guda ne ke riƙe da duka biyun, kamar yadda aka saba, to ya haɗa abin da ke cikin shafi da sanin inda aka je a hannu ɗaya.

Shawarar da ta dace da gaskiyar fasahar ta fi ta maƙalar tsawo, amma ba ta fi ƙarfin mai karatu ba. A raba manhajar da ke sarrafa saiti kawai, wadda mutum ke sa mata adireshin sabar da ya sani, da manhajar da ke zuwa da sabar da ba a san mai ita ba. A zaɓi wadda lambobin shirinta suke a buɗe kuma ana kula da ita har yanzu. A karanta izinin da ta nema kafin a amince. A keɓe mata bayanin mai amfani na daban wanda ba a shiga banki ko imel da shi. A gwada adireshin IP da DNS da WebRTC bayan an kunna ta. Kada kuma a girka takardar shaidar tushe ta wanda ba a sani ba ko da me ya yi alkawari. Hukuncin wannan martani shi ne cewa marubucin ya yi daidai da ya yaba sauƙin sarrafa furoksi daga cikin burauza, ya kuma yi kuskure babba da ya sayar da wannan sauƙi da sunan tsaro. Ya kamata ya janye iƙirarin cewa manhajar ta maye gurbin VPN da cewa rumbun manhajoji ya tsaya mata, ya kuma bayyana wa masu karatunsa a fili cewa duk wanda bai san mai sabar da yake bi ta cikinta ba, bai san wanda ke riƙe da tarihin yawonsa a intanet ba.